Shafin mujalla, wasiƙar safe ko teburin mutum goma: ina mai sayar da gajimare zai zuba kuɗin talla?

Da zarar shekara ta doshi ƙarshe, wajen watan Nuwamba, kundin talla na mujallu yake fara faɗowa akwatin imel na duk wanda ke riƙe da kasafin talla a kamfanin fasaha. Fayil ne mai shafi goma sha wani abu, an sha masa ado: hoton bangon mujalla, da wata da'ira da aka yayyanka kamar kankana tana nuna kashi nawa na masu karatu ne shugabanni, da jadawalin batutuwan da za a taɓo wata bayan wata, sai can ƙarshe, da ƙananan haruffa, farashi. Mai sayar da gajimare, wato mai ba da hayar manyan kwamfutocin da ake kira saba da rumbun adana bayanai da manhajoji ta intanet, abin da 'yan harkar ke kira kilawud, shi aka fi yi wa wannan sallama, don an san hajarsa ba ta da jikin da za a ɗora a tebur a nuna. Mai janareta zai tayar maka da shi ka ji ƙara. Mai gajimare alkawari yake sayarwa: kawo bayananka, ba za su ɓata ba, ba za a sace su ba, ba za ka wayi gari ka tarar da ƙofa a rufe ba. Alkawari kuwa sai an san mai shi ake karɓa.

Na ɗau shekaru a kujerar mai biya, a wani ƙaramin kamfani a Abuja da ke dillancin gajimaren manya yana kuma ba da hayar ɗan nasa. Na sayi kusan duk abin da ke cikin irin wannan kundi. Wani kwalliya ta biya kuɗin sabulu, wani kuma har gobe in na tuna sai na ja tsaki. Kayan da ke ciki sunansu ɗaya, talla, amma ba abu ɗaya suke sayar maka ba. Akwai mai sa a gan ka, akwai mai sa a yarda da kai, akwai kuma wanda suna da lambar waya kawai zai miƙo maka. In ka shiga ciniki ba ka san wanne kake buƙata a bana ba, ɗan tallan mujallar zai zaɓa maka, kuma wanda kamashonsa ya fi tsoka shi zai zaɓa.

A fara da sanin cewa kalmar mujalla a wurare da yawa suna ne kawai ya rage. Computerworld, wadda Patrick McGovern ya fara bugawa a Amurka a 1967, ta daina fitowa a takarda a watan Yunin 2014. InfoWorld ta riga ta tun 2007, InformationWeek ta bi sahu a 2013, Computer Weekly ta Ingila ta ajiye takarda a 2011 lokacin da TechTarget ya saye ta. Amazon kuwa a 2006 ya fara ba da hayar rumbu da saba, ka ga gajimare ya tasa ne a daidai lokacin da takarda ke shure-shuren mutuwa. Shi ya sa gidajen nan ba da shafin talla suka rayu ba. Sun koma sayar da makalar da aka biya, da gurbi a wasiƙar imel, da lacca ta intanet, da jerin sunayen waɗanda suka sauke rahoto, da taro, da lambar yabo. Wannan shimfiɗar ita kowa ya hau, daga Brainstorm ta ITWeb a Afirka ta Kudu da CIO Africa a Nairobi, har zuwa TechCabal da Techpoint Africa a Legas, waɗanda su tun farko a intanet aka haife su.

Shafin talla na gargajiya shi ya fi sauƙin fahimta, shi kuma ya fi wuyar karewa a gaban akanta. Tsarinsa bai sauya ba: bangon baya ya fi kowane tsada, sai cikin bangon gaba, shafin dama ya ɗara na hagu, kuma ana yin ragi in ka ɗauki fitowa uku ko shida ko sha biyu a jere. Farashin da aka rubuta kuɗin farko ne irin na ɗan kasuwar Kwari, ba a sa shi don a biya ba. A al'adar harkar akwai kashi 15 na kamashon kamfanin dillancin talla a cikinsa, saboda haka in kai ka zo da ƙafarka, kana da bakin da za ka nemi a cire maka shi. Ka tambaya ko harajin VAT na kashi 7.5 yana ciki ko a kai zai hau. Sannan shafin da ba a sayar ba ana gab da kai mujalla maɗaba'a kamar tumatir ne da yamma, mai shi ya fi ka matsuwa.

Matsalar ita ce ba ka san inda shafin ya kwana ba. Mujallun sana'a da yawa ba sayar da su ake yi ba, raba su ake yi kyauta ga waɗanda aka zaɓa saboda muƙaminsu. A Amurka da Ingila akwai masu tantancewa masu zaman kansu, irin su ABC da BPA Worldwide, wadda ta haɗe da Alliance for Audited Media a 2023, da suka daɗe suna fitar da takardar da ke nuna kwafi nawa aka raba, ga masu wane muƙami, kuma nawa ne suka nema da kansu. A nan gida ban taɓa samun wanda ya miƙo mini irin wannan takarda ba. Abin da na taɓa gani da idona shi ne fitowa huɗu ta wata mujalla da muka saka talla a ciki, a ɗakin jiran baƙi na wani banki, jere a ƙarƙashin tebur, kowace tana cikin ledarta ba a ko fasa ba. Tamu ce ta biyu daga ƙasa. Tun daga ranar, duk wanda ya ce mini yana buga kwafi kaza, sai in ce ya nuna mini rasit ɗin maɗaba'a na fitowar da ta wuce da jerin ma'aikatun da aka kai wa. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya.

Ban ce shafi ba shi da amfani ba. Akwai dattijon da ke zama a kwamitin amincewa da kwangila wanda bai san kowace wasiƙar imel ba, amma in ya ga sunanka a takarda mai ƙyalli kusa da sunan Microsoft, sai hankalinsa ya kwanta cewa ba ɗan cuwa-cuwa ba ne kai. Wannan aiki ne na gaske, sai dai aikin mai dogon numfashi ne. Fitowa ɗaya sadaka ce ka yi wa mujallar. In aljihunka ba zai ɗauki shida ba, ka bar shi.

Allon talla da ke maƙale a gefen shafin intanet ba zan ɓata lokaci a kansa ba. Injiniyoyin da kake nema su ne suka fi kowa iya toshe talla a burauzarsu. Ka karɓe shi gyara a kan wani cinikin, kada ka saye shi shi kaɗai.

Wasiƙar safe ta imel ita ce ta gaji gurbin da mujallar mako ta bari. TC Daily ta TechCabal da Techpoint Digest misalai ne da duk ɗan harkar fasaha a Nijeriya ya sani. Mutum da kansa ya ba da adireshinsa, yana buɗewa a mota ko kan karin kumallo, tallanka kuma yana tsakiyar labarin da ya zo karantawa. Tana da arha a kan shafi, ana iya sauya lafazi daga mako zuwa mako, kuma ana iya ƙirgawa. Sai dai a kula da abin da ake ƙirgawar. Tun Satumbar 2021, da Apple ya shigo da tsarin kare sirrin masu amfani da manhajar imel ɗinsa, wasiƙa kan nuna an buɗe ta ko da mai wayar bai taɓa ta ba. Adadin buɗewa da za a yi maka kuri da shi ya kumbura ke nan. Ka nemi adadin waɗanda suka latsa tallan masu talla uku na baya, ka kuma duba da kanka ko akwai kamfanin da ya yi ta dawowa wata bayan wata. Wanda ya dawo sau biyar ba don Allah yake dawowa ba.

Su wa ke karanta irin wannan wasiƙa? Masu kafa sababbin kamfanoni, masu rubuta manhaja, masu zuba jari, da ɗalibai masu mafarkin zama ɗaya daga cikin ukun. In hajarka irin wadda mutum zai shiga shafinka ya buɗe asusu ya biya da kati cikin minti goma ce, nan ne kasuwarka. Kuma zamani ya ba dillalan gida abin faɗa. Bayan da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kamfanonin da ke biyan hayar gajimare da dala suka ga kuɗin ya ninka uku ba su ƙara ko saba ɗaya ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kamfanonin gida irin su Layer3 da Nobus suka samu masu sauraro. Amma kada ka tsaya a kan "biya da naira" kaɗai. AWS, sashen gajimaren Amazon, ya buɗe ƙaramin reshe a Legas a 2023, kuma tun Janairun 2025 yana karɓar naira. Bambancin da ya rage shi ne nasa farashin daga dala ake juyo shi, naka kuwa in da gaske a naira ka yanka shi kuma za ka riƙe shi shekara guda, to wannan ne jimlar da za ka biya a buga.

Makalar da aka ɗauki nauyinta ita ce na fi so, ita ce kuma aka fi lalatawa. Yawancin abin da ake bugawa da wannan suna sanarwar kamfani ce aka sauya wa riga: mu ne kan gaba, mu ne na farko, shugabanmu ya ce. Ba mai karanta ta sai shugaban da matarsa. Wadda ke aiki ita ce wadda abokin cinikinka ke magana a ciki, da sunansa da muƙaminsa, yana ba da labarin wata rana mai wuya. Ka tuna ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, ciki har da MainOne da WACS da SAT-3 da ACE, manhajojin bankuna suka yi ta juyi ba sa buɗewa. Duk shugaban sashen fasaha a ƙasar nan ya san inda yake a wannan rana. In kana da abokin ciniki ɗaya da aikinsa bai tsaya ba saboda bayanansa suna cikin gida, ko wanda ya tsaya amma kuka tashe shi cikin awanni kaɗan, kuma ya yarda ya faɗi yadda aka yi dalla-dalla har da inda kuka yi tuntuɓe, to kana da abin da shafi goma ba za su saya maka ba. Takwaransa a wani kamfanin zai karanta har ƙarshe, kuma akwai yiwuwar ya ɗaga waya ya kira shi ya tambaya ko gaskiya ne.

Wahalarta a nan take. Samun izinin abokin ciniki, musamman banki ko asibiti, kan ci watanni, sai lauyansu ya duba, sai sashen hulɗa da jama'a ya duba, wani lokaci a dawo maka da makalar an zare mata duk ƙashi. Ka fara nema tun kafin ka biya gurbi. A yarjejeniyar kuma ka tabbata an rubuta abu uku da ake yawan mantawa: tsawon lokacin da makalar za ta zauna a shafinsu, ko kana da damar bugo ta ka saka cikin takardun neman kwangila, da kuma ko za a ambace ta a wasiƙar imel ɗinsu ko za a jefa ta wani lungu ne da ba mai zuwa. Rabin amfanin makalar ba ranar fitowarta yake zuwa ba, sai bayan wata takwas, ranar da wani akanta ya rubuta sunan kamfaninka a Google kafin ya sa hannu.

Kada ka roƙi a cire alamar da ke nuna an biya. Hukumar kasuwanci ta tarayya a Amurka ta fitar da ƙa'ida a kan haka tun 2015, kuma gidan jarida mai mutunci a ko'ina ba zai yarda ba. Wanda ya yarda ya cire maka, ya cire wa ɗari kafin kai, masu karatunsa kuma sun riga sun gane. Haka nan kada ka zaci kuɗin talla zai saya maka alƙalamin ɗan jarida. Inda yake saye, alƙalamin ba ya da darajar da za ka so.

Yanzu ga wanda ya fi cin kuɗin mutane: jerin sunaye. Tsarin shi ne ka ba gidan mujallar rahoto ko ku shirya lacca ta intanet, su tallata wa masu karatunsu, duk mai so sai ya cike suna da muƙami da lambar waya, su kuma su miƙo maka jerin, ka biya a kan kowane kai. A waje, TechTarget da Foundry, wato sunan da sashen mujallun IDG, kamfanin da ya fara buga Computerworld, ya koma a 2022, sun mayar da wannan babbar sana'a, kuma da dala ake ciniki. Akanta yana son sa don yana da lamba. Shugaban sashen sayar da kaya yana son sa don zai sami abin raba wa yaransa ranar Litinin. Ni ma na so shi, har ranar da na zauna kusa da yarinyar da ke buga wayoyin.

"Salamu alaikum, ranka ya daɗe, daga kamfani kaza nake kira, mun ga ka halarci laccarmu a kan ajiye bayanai."

"Wa alaikumus salam. Eh, na shiga. Hajiya, don Allah satifiket ɗin fa? An ce za a ba da satifiket."

A takarda an rubuta shi manajan fasaha. Ɗan bautar ƙasa ne. Na bayansa ɗalibi, na bayan wancan ma'aikacin kamfanin da muke gogayya da shi, ya shigo leƙen asiri. Ba laifinsu ba ne, ilimi suka zo nema. Laifina ne da na yi cinikin biri a sama.

Bari mu yi lissafin misali, da lambobin da na ƙaga don a ga hanya. A ce kana da naira miliyan 6. An ba ka suna 300, kowane ya tashi a kan 20,000, ka ji daɗi. In 30 ne kawai ke aiki a kamfanin da zai iya saye kuma suna da bakin magana, kowane ya koma 200,000. In 10 ne suka ɗaga waya suka yarda a zauna, 600,000 ke nan kan kowane zama. Da wannan lambar ta ƙarshe ake gwada shi da sauran, ba da ta farkon ba. Za a iya gyara cinikin: a rubuta muƙaman da kake karɓa, da girman kamfani, da cewa sai adireshin imel na ofis, da cewa duk sunan da bai cika sharaɗi ba za a musanya shi. Farashin kowane kai zai tashi, amma da ma shi ne farashin gaskiya. Ka kuma ga lafazin da mutanen suka amince da shi lokacin cike suna. Dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023, kamar takwararta ta Turai da ta fara aiki a 2018, ba ta yarda a miƙa bayanan mutum ga wani ya yi masa talla ba tare da saninsa ba. Babu abin kunya kamar mai sayar da amanar bayanai a kama shi da bayanan da bai san asalinsu ba. In kuwa ba ka da mutanen da za su bi sunayen nan cikin kwana biyu ko uku, kada ka fara. Suna yana hucewa.

Taro iri biyu ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta fi wadda ke tsakanin shafi da wasiƙa. Akwai babban taron da ake sayar da matsayi, zinare da azurfa da tagulla. Tambarinka zai hau allo tare da wasu arba'in, a ba ka rumfa da minti goma sha biyar na magana, galibi bayan an ci shinkafa, lokacin da rabin zauren ke waje suna gaisawa. Irin su Moonshot na TechCabal a Legas, da aka fara a 2023, wuri ne mai kyau na ganin mutane, amma tikiti biyu da takalmi mai daɗi kan yi wa ƙaramin kamfani abin da matsayin tagulla zai yi masa. Sai kuma ƙaramin zama na mutum goma ko sha biyu, inda editan mujallar ke gayyato shugabannin fasaha da sunansa, kai kuma ka biya ɗaki da abinci ka zauna a gefe. Brainstorm ta daɗe tana irin wannan. Abin da ka saya a nan shi ne kiran editan, don mutanen da ba za su amsa wayarka ba suna amsa tasa. A lissafinmu na ɗazu, miliyan 6 a kan mutum 12 ya zama 500,000 kowane, ga shi kuma kun shafe awa biyu kuna fuskantar juna. Sharaɗinsa biyu: ka ga jerin waɗanda suka tabbatar za su zo kafin ka cika kuɗi, tare da ƙa'idar abin da zai faru in aka turo mataimaka a maimakonsu, sannan ka iya kame bakinka. Wanda ya kunna majigi ya fara nuna farashi ya kashe zaman.

Lambar yabo kuwa, in an kira ka an ce ka ci, sannan aka ce tebur naira kaza ne, ka san abin da ka ci. Akwai dabarar da ta fi: lambobi irin CIO 100 kamfanonin da suka yi amfani da fasaha ake ba wa, ba masu sayar da ita ba. Ka taimaki abokin cinikinka ya rubuta takardar shiga a kan aikin da kuka yi tare. In ya hau mumbari, ba zai manta da kai ba.

Duk wannan bai taɓo tambayar da ta fi su nauyi ba, wato wace mujalla. Kuskuren da na fi gani shi ne mai gajimare ya yi talla inda shi da kansa yake karatu. Masu karatun can abokan gogayyarka ne, za su taya ka murna a WhatsApp. Wurin yana da amfani ne kawai in dillalai kake nema, kamar yadda mujallar CRN a Amurka ta tsaya kacokan a kan masu sayen sari su sayar, manyan kamfanoni kuma ke rububin shiga jerinta don a ɗauki hajarsu. In mai amfani da kayan kake nema, ka tambayi kanka wa ke sa hannu a cak. Sau da yawa ba injiniya ba ne, daraktan kuɗi ne, shi kuwa mujallar ƙungiyarsa yake gani, kamar The Nigerian Accountant ta cibiyar akantoci ta ICAN, ko abin da cibiyar ma'aikatan banki ta CIBN ke fitarwa. A can ba ka da masu gogayya da yawa, kuma harshen da za ka yi ya bambanta: ba ƙarfin injin ba, kuɗin dizal da na gyaran na'urar sanyaya ɗakin saba da za su fita daga kasafinsa.

Gwamnati kuwa ba ta saye ta hanyar talla. Dokar ba da kwangila ta 2007 ta shata hanya, ayyukan fasaha na ma'aikatun tarayya sai sun bi ta hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA, wadda ta fitar da manufar gajimare ta ƙasa a 2019, ga kuma Galaxy Backbone, kamfanin gwamnati mai cibiyoyin adana bayanai a Abuja da Kano, a tsaye a bakin ƙofa. Abin da mujalla za ta yi maka a nan bai wuce ta sa sunanka ya daina zama baƙo ba. Haka ma masu masana'antu a Sharaɗa da Bompai da Challawa, da masu makarantu da asibitoci masu zaman kansu a Kano da Kaduna. Alhaji ba ya karanta wasiƙar safe ta Legas. Yaron da ke kula masa da kwamfutoci zai tambaya, sannan ya tambayi amininsa da ya riga shi gwadawa. Kuɗin da za ka ba mujalla, ka ɗauki nauyin zama ɗaya na ƙungiyarsu da shi, ka zo da aminin ya yi magana.

To, in ni ne. Sabon kamfani da ba a san shi ba, mai sayar wa masu rubuta manhaja: wasiƙar imel ɗaya, gurbi ɗaya, sau takwas ko goma a jere, da tayi guda bayyananne da adireshin shafi na musamman don ka san daga ina mutum ya fito. Ba shafi, ba taro, ba sunaye. Kamfanin da ya samu abokan ciniki biyar zuwa goma masu suna kuma yana neman bankuna da kamfanonin inshora: makala ɗaya ta abokin ciniki, a biyo ta da zaman mutum goma bayan wata ɗaya ko biyu, a tura wa kowane baƙo makalar tare da katin gayyata. Wannan haɗin shi ya fi yi mini aiki a duk abin da na gwada. Jerin sunaye na wanda ke da ma'aikatan waya a zaune ne. Bangon baya na wanda ya riga ya yi suna ne yana tsoron a manta da shi.

In kai dillalin Microsoft ne ko AWS, kafin ka taɓa aljihunka ka tambayi wakilinsu kuɗin tallafin talla da suke ware wa abokan hulɗa. Suna da sharuɗɗa, sai an amince kafin a kashe, sai an kawo shaida bayan an gama, kuma tambarinsu zai zauna kusa da naka, amma dillalai da yawa shekara ke ƙare musu ba su nema ba. Sai kuma ARCON, hukumar kula da talla da ta maye gurbin APCON a 2022: talla ga 'yan Nijeriya sai kwamitinta na tantancewa ya duba kafin a fitar, kuma duk iƙirarin da ka yi, na cewa sabarka ba ta mutuwa ko cibiyarka na da shaidar inganci ta Uptime Institute ko ta tsaron bayanai ta ISO 27001, ka riƙe takardarsa a hannu. Mujallar wata-wata kan rufe karɓar talla makonni kafin fitowa. In fitowar Maris ce aka ware wa gajimare a jadawalinsu, zanen tallanka ya kamata ya kai gaban kwamitin tun Janairu.